Kwaɓi ɗaya, burodi iri-iri: abin da aikin makarantar 'yata ya koya mana

  Yau maganar burodi za mu yi, kuma wani abu da ya faru a gidana ne ya jawo ta.

Wata Laraba 'yata ta biyu, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kumasi, ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, da takarda a hannu. Malamar darasin girki ta ba su aiki: kowace ɗaliba ta yi kwaɓin burodi na asali, ta fitar da aƙalla abu uku daban-daban daga cikinsa, sannan ta rubuta yadda ta yi da abin da ta kashe. Mako biyu aka ba su, kuma makin zai shiga sakamakon ƙarshen zango.

Ta ce, "Mma, ni fa ban san abin da zan yi ba. Wata a ajinmu ta ce fiza za ta yi, wata ta ce mamanta na da oben na lantarki. Mu kuwa sai kurfoti."

Babanta, wanda sana'arsa kawo albasa ce daga Galmi, yana zaune yana duba littafin bashi. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Hajiya, a sayi fulawa da tsadar nan don yara su ɓata? Ga gidan burodi a bakin layi. A ba su kuɗi su yi mata, ta ɗauka ta kai."

Ba zan ɓoye muku ba, saura kaɗan in yarda. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san malamar za ta yi tambaya, kuma yarinyar da aka yi wa aiki ba ta da amsa. Ban da haka, na lura abin da ke damun 'yar tawa ya wuce rashin oben. Gani take duk abin da ke madafarmu, su yaji da ƙuli-ƙuli da dabino, ba abin kaiwa gaban 'yan aji ba ne. Wannan shi ya fi ci mini rai. Sai na ce mata ta ɗauko kwano, za mu gwada.

Kwaɓin asali

Duk abin da za a yi daga baya a kan wannan kwaɓin yake tsaye, don haka yaro ya fara iya shi tukuna. Ga abin da ake bukata:

- fulawa giram 500
- ruwa mai ɗumi mililita 300 zuwa 320
- busasshen yis giram 7, wato kamar cokalin shayi biyu
- gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi
- suga babban cokali ɗaya
- man gyaɗa babban cokali biyu

Wadda ba ta da sikeli, ƙaramin gwangwanin madara na ruwa zai yi aiki: fulawa kamar gwangwani biyar da rabi zuwa shida a shafe, ruwa kusan gwangwani biyu. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi mililita 500 ce, ke nan abin da ake so ya ɗara rabinta kaɗan. Amma in da hali a aro sikeli ko na kwana ɗaya ne. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin bambancin awo da kintace.

A haɗa fulawa da gishiri da suga da yis, a zuba ruwa da mai, a cakuɗa, sannan a juye a kan tebur a murza da tafin hannu na minti goma. A mayar cikin kwano, a rufe da ɗanyen ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya tashi har ya ninka girmansa.

Gwajinmu na farko bai yi ba. Na shiga ɗaki yin sallah, ita kuwa don sauri ta tsiyayo ruwa daga fulas ɗin shayi ta zuba. Muka jira awa ɗaya da rabi, kwaɓi yana nan zaune kamar dutse. Ta fara hawaye, babanta kuma ya ce, "Ai na faɗa." Amma wannan asarar ita ta zama darasin farko a littafinta. Yis abu ne mai rai. Yana cin suga, yana fitar da wata iska, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa, kuma iskar ce ke kumbura kwaɓi. Ya fi son ɗumi kamar na jikin mutum, idan kuwa zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 mutuwa yake yi. Gwajin mai sauƙi ne: a sa yatsa cikin ruwan, in za a iya barinsa ciki ba tare da jin zafi ba, to ya yi. Wanda ke shakkar yis ɗinsa ya tsufa, ya jiƙa kaɗan a ruwan ɗumi da ɗan suga. In bai yi kumfa cikin minti goma ba, a sayo wani.

Murzar kuma dalilinta shi ne alkama na da wani danƙo da masana ke kira gulutin. Idan ruwa ya taɓa fulawa aka murza, danƙon yakan miƙe ya zama kamar raga, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa. In an ja ɗan kwaɓi tsakanin yatsu ya miƙe siriri bai tsinke nan take ba, murza ta isa.

A kula da yanayi ma. Da zafi kwaɓi na iya ninkawa cikin minti 45. Da hunturu yakan wuce awa ɗaya, kuma iska na busar da samansa, don haka a rufe shi sosai. Girman kwaɓin za a duba, agogo taimako ne kawai.

Wannan awon zai ba da kwaɓi kamar giram 850. Mun raba shi huɗu, kowane kashi ya ishi ƙananan burodi uku. Daga nan na nuna mata cewa hanya huɗu ce ake bi a sauya burodi: siffarsa, abin da aka sa masa a ciki, irin wutar da aka ba shi, da kuma garin kansa.

Hanya ta farko: siffa

Wannan ita ce mafi arha, domin ba a ƙara komai. Yarinyar da ta iya kitsa wa ƙanwarta kai ta riga ta iya kitson burodi. A raba kashi ɗaya gida uku, a murza kowane ya yi tsawo kamar igiya, a manne kawunan, a kitsa, a manne ƙarshen. A shafa ruwan ƙwai ko madara a sama, a barbaɗa riɗi ko habbatus sauda. Ana iya ɗaure igiyar kamar ƙulli, ko a naɗe ta kamar gammo, ko a jera ƙananan dunƙule cikin faranti ɗaya su tashi su manne da juna. Abin kiyayewa ɗaya ne: duk waɗanda za su shiga wuta tare girmansu ya zo daidai, in ba haka ba ƙanana su ƙone manya suna ɗanye.

Hanya ta biyu: abin da ke ciki

A nan ne madafarmu ta yi rana. Kashi na biyu muka yi naɗin albasa da yaji. Albasa ɗaya matsakaiciya, a yanka siriri, a soya da ɗan mai a wuta kaɗan har ta yi laushi ta yi ja, a tsane man, a bar ta ta huce sarai. A faɗaɗa kwaɓi da kwalba, a shimfiɗa albasar, a barbaɗa yajin tsire cokalin shayi ɗaya, a naɗe kamar tabarma, a yanka gida uku. Kada a sa ɗanyar albasa, domin ruwa take saki ta bar cikin burodin da danshi. Kada kuma a sa ta da zafi.

Kashi na uku na masu son zaƙi ne. Dabino kamar guda takwas, a cire ƙwallon, a jiƙa a ruwan zafi na minti 15, a dame shi ya zama kamar kunu mai kauri. A shafa a kan kwaɓi, a barbaɗa gogaggiyar kwakwa ko dakakkiyar gyaɗa da ɗan garin citta, a naɗe a yanka. Ba ya bukatar ƙarin suga. Wanda ke son kirfa ya sa ta cikin dabinon, kada ya zuba ta da yawa cikin kwaɓin kansa, domin tana rage wa yis ƙarfi. Haka ma suga: in ya wuce kamar giram 50 a wannan awon, tashin kwaɓi zai yi nawa, sai an ƙara haƙuri. Shi ya sa burodin suga da ake sayarwa a nan Gana ke ɗaukar lokaci fiye da burodin shayi.

Ana iya cusa dambun nama, ko kifin gwangwani da aka tsane aka soya da attaruhu, a rufe bakin sosai a kifa shi ƙasa. Ka'idar dai ita ce abin da za a cusa ya zama dafaffe, busasshe, kuma ya huce. Mai nama ko kifi kada ya yini a jaka cikin zafi, a gasa shi ranar da za a ci. Sannan yaro ya rubuta ɗan kati ya ajiye gaban kowane iri, yana faɗin abin da ke ciki. Akwai yaran da gyaɗa ko riɗi ke tayar wa ciwo mai haɗari, kuma yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a cikinsa.

Duk abin da aka siffanta, a bar shi ya sake tashi na minti 25 zuwa 30 kafin ya shiga wuta.

Hanya ta uku: wuta

Mai oben ta gasa a digiri 200 na minti 20 zuwa 25. Mu da ba mu da shi, babbar tukunya mai kauri muka ɗauko. Muka zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu a ƙasanta, muka kafa gwangwanaye uku a kai, muka rufe ta ta yi zafi na minti 15 a kan kurfoti. Sannan muka ɗora farantin burodi bisa gwangwanayen, muka rage garwashin ƙasa, muka zuba wasu a kan murfi. Wutar sama ce ke sa burodi ya yi ja, wutar ƙasa in ta yi yawa ƙona gindi take. Kada a buɗe kafin minti 15 na farko su wuce. In an ciro, a ƙwanƙwasa ƙasansa: in ya yi amo kamar ƙaramar ganga, ya nuna. Babba ya tsaya kusa lokacin ɗaga murfi mai garwashi, wannan ba aikin yaro shi kaɗai ba ne.

Kashi na huɗu ko tukunyar ba mu sa shi ba. Gurasa muka yi. A Kano cikin tanderu ake gasa ta, ana manna ta a jikin tukunyar ƙasa mai zafi, amma kasko mai kauri ma yana yi. A faɗaɗa dunƙule ya yi kaurin ɗan yatsa, a bar shi ya huta minti goma, a ɗora a busasshen kasko, kowane gefe minti biyu zuwa uku. In ta huce a yayyafa mata ɗan ruwan ɗumi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Bandashe ke nan, wanda duk wanda ya taɓa zama Kano ya san shi. 'Yan uwanmu na Sudan ma suna da tasu gurasar ta alkama, wadda suke ci da miya.

Akwai sauran hanyoyi biyu da ba mu kai makaranta ba amma ta rubuta su. In aka ƙara wa kwaɓin ruwa ya yi laushi, aka zuba a gwangwanayen da aka shafa wa mai aka turara, ya zama ɗan uwan alkubus. In aka ƙara ruwa da suga aka soya cikin mai, ya zama fanke, wanda a nan ake kira bofrot. Kwaɓi ɗaya ne, wuta ce ta bambanta su.

Hanya ta huɗu: garin kansa

Wannan ce ta fi shafar aljihunmu. Alkamar da ake niƙa fulawar da muke saya a Gana, Togo, Benin da Kamaru ta jirgin ruwa take zuwa, ta tashoshin Tema, Takoradi, Lome, Kwatano da Duwala. Shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 muka ji shi a farashin burodi, alhali ba mu san ko hanyar can ba. A Najeriya tun zamanin Shugaba Obasanjo gwamnati ta nemi a riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a cikin fulawa don rage sayo alkama daga waje. Ke nan tambayar da yaro zai yi a madafa ita ce wadda gwamnatoci ke yi: garinmu na gida nawa za a iya sawa burodi bai lalace ba?

Muka yi gwaji da ƙananan kwaɓi uku, kowane na gari giram 100, ruwa da yis da gishiri daidai wa daida. Na farko fulawa zalla. Na biyu fulawa giram 80 da garin gero mai laushi giram 20. Na uku rabi da rabi. Muka sa kowane cikin kofin gilashi, ta sa alama da biro a inda ya fara, bayan awa ɗaya ta auna da rula. Na farko ya tashi sosai. Na biyu ya bi bayansa, kuma da aka gasa ƙamshinsa ya fi na kowa. Na uku kuwa ya fito gajere mai nauyi, yana marmashewa. Dalili shi ne gero, dawa, masara da rogo ba su da danƙon nan na alkama, don haka ba abin da zai riƙe iskar. Kashi ɗaya cikin biyar shi ne iyakar da na ga tana ba da burodi mai kyau a gida. Dafaffen dankalin Hausa ko kabewa da aka dame ma suna shiga, suna sa laushi da launi, amma a rage ruwa tunda su ma da ruwansu suke zuwa.

Ta so ta zubar da na ukun don kunya. Na ce a'a, da shi za ki tafi.

Lokaci da lissafi

A tambayi malama tun da wuri ko a makaranta za a kwaɓa ko daga gida. Daga awo zuwa fitowa daga wuta aikin na cin kusan awa biyu da rabi, kuma ba kowane darasi ke da wannan tsawon ba. In an yarda a zo da kwaɓi, a murza shi da dare a sa a firij cikin roba mai murfi, sanyi zai sa ya tashi a hankali, da safe a fito da shi ya sha iska na rabin awa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a tashi a kwaɓa bayan asuba.

Saura lissafi, kuma a nan ne Alhaji ya shigo da kansa. Ya leƙa takardarta ya ga ta rubuta fulawa da yis da dabino ta tsaya. Ya ce, "Gawayin fa kyauta aka ba ki? Man fa? Ledar da za ki sa ciki? Kuɗin motar da kika shiga zuwa kasuwa?" Ya jawo kujera ya zauna. Ya nuna mata cewa in ta sayi fulawa kilo ɗaya ta yi amfani da rabi, kuɗin rabi za ta rubuta. Ya ce a misali a ce komai ya tashi sidi 48, burodi ya fito guda 12, to kowane ɗaya ya ci sidi 4 kafin a yi maganar riba. Sannan ya sa ta kwatanta burodin da ba komai cikinsa da naɗin albasa: abin da albasa da yaji suka ƙara a kuɗin kashewa kaɗan ne, amma mai saye zai yarda ya biya fiye da haka nesa. Ya ce mata nan ribar take. Mutumin da ya ce a kai wa gidan burodi, shi ne ya ƙare yana zaɓo mata albasa mafi kyau a cikin buhu.

Ranar kai aiki

Ba ita ta zo ta ɗaya ba. Kitsonta ya ɗan ƙone a gindi, an rage mata maki a kan haka, kuma daidai ne. Amma da malama ta ɗaga burodin nan na rabi da rabi ta ce me ya sa ya yi nauyi, 'yar tawa ta ba da amsa da bakinta, ta nuna awon da ta yi da rula. Gurasa kuwa kafin a tashi ba ko guntu, har wata ƙawarta Ba'ashantiya ta biyo ta gida ranar Asabar ta ce a koya mata. Yanzu duk ƙarshen mako sai an yi naɗin albasa a gidan nan, kuma ba ni ke yi ba.

Iyaye mata, in irin wannan aiki ya zo, mu riƙe hannunmu. Mu tsaya kusa saboda wuta da wuƙa, mu amsa tambaya, amma awo da murza na yaro ne, ko da rabin kilo na fulawa zai salwanta a gwajin farko. Iyaye maza, lissafin nan da kuke yi kullum a rumfa darasi ne, ku ba shi minti goma. Yaran maza ma a sa su. Yaranmu kuma da ke tasowa a ƙasashen mutane su san cewa abin da ke cikin kwanon yajin uwarsu ya isa a kai shi gaban aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wadda ta gwada da garin dawa ko na masara, ko wadda ke da wata dabarar gasawa ba oben, ta aiko mana yadda ta kaya, mu ƙaru da juna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya sa albarka a kasuwa.